Akori-kurar Gozaki a Kasuwar Maraɗi

A garin Malumfashi an yi wani dillalin motoci mai suna Alhaji Bature. Sana'arsa ita ce sayen tsofaffin akori-kura a hannun manoma, ya gyara su, ya yi musu fenti, ya tsallaka da su Maraɗi ya sayar wa masu zuwa haƙar zinariya can cikin sahara. Ya iya sana'ar ƙwarai. Sai dai yana da hali guda, ba ya tambayar inda mota ta fito. In an yi masa magana sai ya ce shi ɗan kasuwa ne ba alƙali ba, kuma ba a haifi wanda zai koya masa ciniki ba.

Wata shekara da kaka, 'yan fashi suka tare wani manomi mutumin Gozaki, Baba Mark, yana dawowa daga kasuwar Dayi. Suka harbe shi a cinya, suka tafi da akori-kurarsa. Aka kwantar da shi a asibiti a Malumfashi. Babbar 'yarsa Liatu, malamar firamare, ita ta ɗauki nauyin gida: ga jinya, ga masara da waken suya jibge a gona babu abin kwasowa.

Wata rana Liatu tana cikin keke napep za ta asibiti, sai ta hango wata shuɗiyar akori-kura a garejin Alhaji Bature. Ta mahaifinta fara ce, amma ta ce da mai keke ya tsaya. A cikin motar nan ta koyi tuƙi. Ta san ƙarafan da Baba ya sa mai walda ya ƙara a baya don lodin buhuna, ɓangare ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo.

Ta gaishe da Alhaji cikin ladabi, ta faɗa masa abin da ya sami mahaifinta, ta ce wannan motarsa ce. Alhaji Bature bai ko tashi daga kujerarsa ba. Ya ce saya ya yi, kuma mota tana kama da mota.

"Wa ya sayar maka, Alhaji?"

"Ke malamar makaranta ce, je ki tambayi ɗalibanki. Ni ba a yi mini tambaya a garejina."

Liatu ta dube shi ido cikin ido. "To, Alhaji, duk inda ka kai motar nan, can za ka same ni."

Da yamma yayansa Malam Lawal ya ji labari, ya zo ya same shi. Ya ce ya mayar wa mutane motarsu ya haƙura da asarar, tunda akwai jini a cikin maganar. Alhaji Bature ya ce in ya mayar, gobe duk wanda ya ga dama sai ya shigo ya nuna mota ya ce ta kakansa ce. Kafin 'yan sandan da Liatu ta kira su iso, ya sa an fitar da motar tare da sauran motocinsa an nufi arewa. Ya kauce wa babban titi da jami'an kan iyaka, ya bi ta hanyoyin daji yana laɓewa a ƙauyuka.

Mahaifiyar Liatu ta yi ta roƙonta ta bar wa Allah, ta ce mace ita kaɗai ba ta bin ɓarayi wata ƙasa. Liatu ta ce ta bar wa Allah, amma ba za ta bar wa Alhaji Bature ba. Ta hau mota zuwa Katsina, daga nan Jibiya, daga nan Maraɗi. Da yake ta babban titi ta bi, ta riga shi isa.

A kasuwar motoci ta nemi shugaban dillalai, wani dattijo mai suna Alhaji Maitama. Ta nuna masa hoton motar a wayarta, da hoton mahaifinta a gadon asibiti. Ya ce ba zai zargi abokin cinikinsa a bayan idonsa ba, amma ta zauna ta jira. Kullum tun safe tana kan benci a bakin rumfarsa, har dillalai suka saba da ita.

Ranar da Alhaji Bature ya shigo kasuwa da motocinsa yana ta gaisawa da mutane, sai ya yi ido huɗu da ita. Ta miƙe ta ce, "Sannu da hanya, Alhaji."

Alhaji Maitama ya sa aka duba shuɗiyar motar a gaban jama'a. An kankare lambar da ke jikin ƙarfenta. Da aka ɗan goge fentin, fari ya bayyana. Alhaji Bature ya hau faɗa, yana cewa shekara da shekaru yana kawo musu motoci, yau a kan maganar mace za a tozarta shi.

Alhaji Maitama ya ce, "Shekarun nan ne ma suka tayar mana da hankali. Wa ya san sauran da ka sayar mana?"

Aka kira jandarmomi. Suka kama shi, suka riƙe motocinsa duka. Daga baya aka miƙa shi ga hukumar Najeriya. Masu bincike suka ce abu ɗaya suke so, ya faɗi wanda ya sayar masa da motar. Alhaji Bature kuwa bai san cikakken sunan mutumin ba, bai san garinsu ba, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Sai aka ɗauka rufa wa 'yan fashi asiri yake yi. Ya daɗe a tsare. Kafin ya fito, gareji da gona duk sun tafi wajen shari'a.

Motar ta dawo Gozaki, ko da yake rabin amfanin gonar wannan shekara ya lalace a fili, Baba Mark kuma da sanda yake tafiya har yanzu. Wata ranar kasuwar Dayi, Alhaji Bature yana zaune a tasha ba aikin fari balle na baƙi, sai ga Liatu ta tuƙo motar da lodin masara. Ya matso jikin taga, ya sassauta murya, ya ce ta yafe masa.

Ta ce, "Ba ni aka harba ba, Alhaji. Ka san hanyar Gozaki."

Ta ja motarta. Har yau bai je ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda ya sayi kayan sata ya rufe ido, ya zama abokin ɓarawo ko da bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma tsallaka iyaka ba ya mayar da haram halal. Ɗan kasuwa ya tambayi asalin kaya kafin ya taya, ya kuma saurari mai yi masa nasiha tun kafin girman kai ya kai shi inda ba mai cetonsa. Wanda aka zalunta kuwa kada ya ji tsoron mai ƙarfi. Ya bi haƙƙinsa ta hanyar gaskiya, komai nisanta.