Hancin Iya Lantana

An ce wai a wani gari na bakin kogin Kwara an yi wata dattijuwa, Iya Lantana, wadda shekara talatin ba a sauke kifi daga jirgi sai ta sansana ta yarda. Masu jirage na tsoron hancinta fiye da guguwa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tashi ba ta jin wari ko ƙamshi. Baiwar Allah nan ta ɓoye wa kowa, don ba ta san kanta da wani abu ba sai hancin nan.

Ran nan ta sallami jirgin wani magidanci, Tanko, ashe kifin da ke can ƙasa ya kwanta cikin ruwan da jirgin ke sha, ya lalace. Gida uku suka kwana da ciwon ciki. Aka taru gaban Sarkin Ruwa Bawa, ana cewa Tanko ya yaudari Iya, a raba shi da kogi. Tanko dai sai hawaye, ga iyali, ba shi da wata sana'a.

Tausayi ya kama Iya, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, wata biyar ke nan hancina ya mutu. Laifin nawa ne."

Sarki ya tambaye ta yadda ta yi wata biyar ba a sami ɓarna ba. Ta ce tana danna tsoka da yatsa, ta duba idon kifi, ta leƙa ƙasan jirgi ko da jiƙa. Ranar Tanko kuwa jama'a sun zuba mata ido, sai ta sunkuya kamar mai sansanawa, ta kasa tona kifin ta duba ƙasa.

Sarki ya nisa ya ce, "Iya, ashe kunya ce ta cuce mu. Hanci sai bayan ɓarna yake magana, hannunki kuwa yana riga ta. Na sauke ki daga wurin sauke kaya, na naɗa ki wurin lodi. Kada jirgi ya tashi sai kin taɓa cikinsa. Kai Tanko, toshe jirginka, ka shimfiɗa kara a ƙasa, ka koma ruwa."

Iya ta rufe fuska da mayafi tana kukan daɗi, Tanko ya kama hannunta ya tashe ta.

Shi ya sa magabata ke cewa, wanda ya tona asirin kansa don ya ceci wani, Allah ba ya barin sa a buɗe.