Katin Da Ya Kwana Tara Ba Suna

Akwai wani mai gyaran waya da ake kira Injiniya, mutum mai ji da kai. Matarsa ta haihu a wata na bakwai, mace, 'yar firit, aka sa ta a kwalba a asibiti.

Kwana tara katin da ke jikin kwalbar ba suna. Injiniya ya ƙi raɗa mata. Kada ku ce bai damu ba, wallahi tsoro ne ya cika masa ciki.

Ya kasa zaune, ya kasa tsaye. Ya je shago ya kwance wayar mutane, ya rasa yadda zai mayar, ya rufe ya dawo. Ya hau benen asibitin, ya sauko, ya sake hawa. Amma ya leƙa kwalbar nan? Ina!

"Haba maigida," in ji matar tana hawaye, "ko sunan Mama ka sa mata mana."

Mama ita ce mahaifiyarsa, Hadiza, wadda ta rasu bara.

"In sa mata sunan Mama, in sake binne Mama? Ki ƙyale ni!"

Ya fito a fusace, ya yi karo da bokitin wata tsohuwa mai goge-goge, ruwa ya malale.

"Ke baba, ba kya gani ne?"

Tsohuwar, ƙatuwa da ita, ta dafa sandar gogewarta. "Ina gani, ɗana. Kwana tara ina goge sawunka a nan, har na gaji. Na kuma ji ku. Ka san ma'anar Hadiza?"

"Suna ne kawai."

"Kai dai waya ka sani. Asalinsa Khadija, wato wadda aka haifa kafin lokacinta. Bakwaini. Ni ma shi ya sa aka sa min. Cewa aka yi ba zan kwana ba. To dube ni, shekara sittin da ɗaya, 'ya'ya shida, bokiti biyu nake hawa benen nan da su."

Injiniya ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Yarinyar nan da sunanta ta zo," in ji ta. "Kai ka hana ta. Ita tana can tana kokawa da numfashi, kai kana nan kana mata makoki."

Maganar ta dake shi. Ya shiga, karon farko ya dubi 'yarsa. Ƙirjinta na hawa yana sauka, da sauri amma bai tsaya ba. Ya ari biro wurin nas, ya rubuta a katin: Hadiza. Sannan ya fito ya ɗauki sandar ya goge ruwan da kansa, yana kuka.

Yau Hadiza tana aji uku. In ta fara surutu a shago, uban da kansa yake roƙonta ta numfasa.

Darasi: Kada tsoron rashi ya sa ka juya wa mai rai baya, kuma kada ka raina wanda ke goge inda ka taka. Ku tura wa duk wata Hadiza da kuka sani, ta ji abin da sunanta ke ɗauke da shi.