Malamin da Ya Ɗauko Ɗalibinsa a Acaɓa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, Malam Zailani, yana koyar da lissafi a wata kwaleji. Albashin ba ya kai shi ashirin ga wata, shi ma wata huɗu ba a gan shi ba. Ga matarsa Rakiya kwance, likita ya ce sai an yi mata aiki kafin Juma'a.

To, in an tashi daga aji, sai ya naɗe fuskarsa da rawani, ido kawai a waje, ya hau babur ya yi acaɓa. Malamin kwaleji fa, jama'a!

Ran Laraba da la'asar wani saurayi ya tsayar da shi. Ya duba. Mudansir ne, ɗalibinsa, wanda maki uku suka kayar a jarrabawa.

"Mai babur, ka san gidan Malam Zailani?"

Malam ya gyaɗa kai, don in ya yi magana muryarsa za ta tona shi.

Ku saurara. Suna tafe yaro yana zuba. "Dubu ɗari na ƙunso masa a ambulan. Maki uku kacal! Zai karɓa mana, yunwa ta gama da malamai. An ce ma matarsa na kwance."

Wallahi Malam na tuƙi yana jin komai. Kuɗin aikin Rakiya ke nan a bayansa, yana jin tudun ambulan ɗin na taɓa shi. Maki uku, alƙalami ɗaya, wa zai sani? Ya yi ta maimaitawa a ransa: wa zai sani?

Suka tsaya a ƙofar gida. Malam ya kashe babur, ya warware rawani.

"Innalillahi! Malam!"

"Kuɗin acaɓa ɗari biyu ne, Mudansir. Shi kaɗai na yi wa aiki. Asabar ka zo da littafinka, mu sake daga farko."

Na ga kuna jira in ce washegari aka biya albashi. Ba a biya ba. Babur ɗin ya sayar ran Alhamis, aka yi wa Rakiya aiki, ta tashi. Shi kuwa ya shekara yana zuwa kwaleji a ƙafa.

'Yan'uwa, amana ba a gane ta sai ranar da babu ta matsa. Kai mai awo, ke malamar asibiti, kai mai sa hannu a ofis, kowa akwai maki ukunsa a hannunsa. Ranar da za a zo saye, kada ka sayar, ko da a ƙafa za ka koma gida. Allah Ya tsare mana amanarmu.