Marafan Tayar Desmond Kowald

Na san da yawa daga cikin masu bibiyar wannan shafi za su yi shakkar abin da zan faɗa, musamman waɗanda suka san mutumin. Duk da haka ina faɗa: Desmond Kowald ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya ce shi ne bai da gaskiya. Ni Lorraine Pfeiffer, da na shugabanci makarantar garin nan har na yi ritaya, kuma nake riƙe da muƙamin sakatariyar ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci, ban saba yaɗa jita-jita ba. Tunda an sa sunana a bakin duniya kan wannan magana, ya dace a ji yadda ta faru.

Akwai wani mutum a garinmu na kan tsaunukan Adelaide, shi ne wannan Desmond, manomin inabi, mai hannu a gyaran inji, mai taurin kai tun yana ɗalibina. Ya gaji wata tsohuwar mota ƙirar Holden daga mahaifinsa. Ya yi wa mahaifiyarsa Hilda alkawarin cewa ranar da za ta cika shekara casa'in, wadda ta dace da fitar ƙungiyarmu ta shekara, zai sauko da ita daga tsauni zuwa bakin teku a motar mijinta, yana jan ayari.

Sai ya cire tsohon injin, ya dasa wani ƙato mai silinda takwas. Kowa ya san motar da aka yi wa irin wannan canji ba ta hawa titi sai injiniya mai izini ya duba ya amince. Desmond ya kira injiniya Ilario Bressan.

Ilario ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya goge hannu.

"Aikinka ya yi kyau, Des. Amma ka sa zuciyar doki a ƙafafun tunkiya. Birkin nan na da ne. Sai an sa na zamani, da bel a kujeru."

"A sa mana."

"Birkin zamani ba ya shiga waɗannan ƙananan ƙafafu. Sai an sa manya. In an sa manya kuwa, marafan tayar nan ba za su zauna ba."

Desmond ya ɓata rai. Marafan nan huɗu masu ƙyalli, yana goge su kowace Lahadi, yana cewa hannun mahaifinsa ne a kansu. Kuma alƙalan gasar motoci kan rage maki idan wajen mota ya sauya kama.

"Kai dai ka sa hannu, mutumina. Ubana ya yi shekaru yana sauka tsaunin nan da birkin nan, ko kaza bai taɓa takawa ba."

"Ubanka bai taɓa jan wannan dodo ba," in ji Ilario, ya ɗauki jakarsa bai sa hannu ba.

Daga nan Desmond ya zo wurina, da kwalbar giyar inabi a hannu.

"Malama, ki sa ni a jerin ayari kawai, ko ba takardar injiniya. Yini ɗaya ne. Don tsohuwa."

Na ce masa: "Desmond, ban ƙara maka maki a lissafi ba lokacin da kake kuka, ba zan fara yau ba da kake da furfura. Ka tafi da kwalbarka."

Kafin mako ya zagayo, an ji a mashaya da wurin mai nama Desmond yana cewa wai na hana shi ne don motarsa za ta dusashe tawa. Na ci gaba da harkata. Mace mai mutunci ba ta bin kowace magana da gudu.

Ilario ne ya kawo mafita. Ya ce a je filin saukar jirgin feshi na gonar wani maƙwabci, inda babu kowa, a gwada birkin kamar yadda ake gwadawa. Aka ɗora motar a tirela aka kai. Na ɗauko Hilda a motata, don ta ce ba za a yi ba ita ba.

Ilario ya ajiye damin ciyawa a inda ya kamata mota ta riga ta tsaya. Desmond ya yi dariya.

"Cire ciyawar, ni zan tsaya a wurin, kai ka tuƙa."

"A'a, kai za ka tuƙa. Ɗora malafarka a kai, ta wakilce ka."

Desmond ya ɗora malafarsa, ya shiga, Ilario na gefensa. Ya taso da gudu, ya taka birki, motar ta tsaya nesa da damin. Ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Malama, kin gani?"

"Sake," in ji Ilario. "Tsauni ba kwana ɗaya gare shi ba."

Ya sake, ta tsaya. Ya kuma sakewa, ta matso kusa. Ana ta maimaitawa ba hutu, kamar yadda gangaren hanyarmu yake tilasta wa direba, har wari ya fara tashi daga ƙafafun. A zuwa na ƙarshe Desmond ya taka har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiyarta a natse, ta bi ta kan damin, ta wuce, sai can a cikin ciyawa ta tsaya don kanta.

Ya fito, ya tsinci malafar a baje kamar faifai. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tako zuwa tagar motata, ya kasa ɗaga ido.

Hilda ta ce: "Desmond, ni ka yi wa alkawari, ko marafan taya?"

"Na Baba ne, Mama."

"Babanka a wurin masu fasa motoci ya tsinto su, ɗaya ma ba irin sauran ba ne. Da yana nan, da ya fara sa birki kafin inji. Shi tsoron gangaren nan yake yi, bai dai gaya muku ba."

Ranar fitar ƙungiya, motar tana gareji a kwance ba ƙafafu. Hilda ta sauka teku a motata, ɗanta na zaune a baya riƙe da kwandon abinci, kuma bai koya mini tuƙi ba ko sau ɗaya. Aikin ya ci watanni. Da sanyi ya wuce Ilario ya sake gwadawa, ya amince, Desmond ya sauko da mahaifiyarsa a motar mijinta, ɗaure da bel, su biyu kaɗai. Suka ci kifi da dankali a bakin ruwa.

A taronmu na gaba ya miƙe, yana murza sabuwar malafa, ya ce: "Na yi wa Malama ƙazafi, na raina Ilario. Su ke da gaskiya, ni ne ban da ita." Ya zauna. Na karɓa, na ce a ci gaba da batu na gaba.

Darasi: Wanda ya ƙara wa kansa ƙarfin gudu, ya fara ƙara ƙarfin tsayawa. Mai hana ka hanya don lafiyarka ba maƙiyinka ba ne, kuma ƙaunar iyaye ba a ƙyallin kayan da suka bari take ba, tana ga kai su gida lafiya. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana da inji a gareji da gaggawa a zuciya. Mai shakka kuwa ya je gidan Hilda Kowald, bayan cocin Lutheran, bayan shayin safe. Tana nan da ranta da hankalinta, kuma ba ta taɓa rufa wa ɗanta asiri ba.