Niƙan Ladingo

Dalilin da ya sa ƙasar kurmi ta zama rairayi, ku matso yara ku ji.

A da can, ƙarƙashin kurmi fa ne shimfiɗe, dutse guda. Itatuwa ba su da wurin kafa saiwa, sai su tsaya a kansa kamar baƙi. Damina na wucewa su tattara saiwoyinsu su bi gajimare.

Akwai wata mata, Ladingo, mijinta Nomau yana fama da ciwon ciki, ba abin da ke kwantar masa sai jiƙon ɓawon maɗaci. Da kaka ta yi, ta ga maɗacin yana shirin tafiya. Ta rungume gindinsa.

"Baba Maɗaci, in ka tafi maigidana ba zai ga wata damina ba."

"'Yata, ni ma na gaji da yawo," in ji shi. "Samo mini inda zan sa ƙafa."

Ta durƙusa ta kanga bakinta a jikin fa, ta gaishe shi, ta roƙe shi ya bari ta niƙa shi don itatuwa su sami wurin sa ƙafa. Can ƙasa murya ta amsa a hankali, kamar ta mai magagin barci.

"In za ki iya niƙa ni, niƙa. Amma ki sani, ko na zama gari, ni dutse ne. Ba na riƙe ruwa, ba na ciyar da kowa."

Maɗaci ya ce, "Ciyarwa tamu ce. Za mu riƙa zuba maka ganye."

Fa ya ce, "To, ranar da kuka daina, iska zan bi."

Ladingo ta ɗauko ɗan dutsen niƙanta, ta hau tudu ta fara, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Tafin hannunta ya fashe, garin dutsen ya yi ja da jininta. Wani hadari da ya makara a hanya ya ji waƙar, ya tsaya saurare, har ya zubo ruwa. Ruwan ya kwashi mai laushin, ya wanke shi fari tas, ya kai kwari ya ajiye. Tsakuwa kuwa nauyi ya hana ta tafiya, ta zauna a gangare.

Maɗaci ya tura saiwa ɗaya, ya ji ta shige. Ya yi ajiyar zuciya, ganyensa ya zubo. Sauran itatuwa da suka yi nisa suka waiwayo, suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Nomau ya sha jiƙonsa ya tashi. Hannun Ladingo kam bai ƙara miƙewa sosai ba, Nomau ne ya riƙa ɗaura mata ɗankwali har suka tsufa.

Shi ya sa har yau rairayin tudu ja ne, na kwari fari, na gindin itace baƙi-baƙi saboda ganye. Ku zuba masa ruwa, yanzu ya shanye. Inda kuma aka sare kurmi, ba a daɗewa sai ku ga ƙasar ta tashi ta bi iska.