Malamin Rediyon Da Ya Tare Ƙofa

Akwai wani dattijo a garinmu, can ƙasan Mississippi a Amurka, sunansa Alonzo Pettway. Duk wanda ya tashi a yankin nan da muryarsa a rediyo ya tashi. Shi ke faɗin yanayin sama da safe, shi ke sanar da jana'iza, shi ke saka waƙoƙin coci ranar Lahadi. Da aka sayar da gidan rediyon ga wasu 'yan birni, sai suka sallame shi da agogon bango da "mun gode."

Bai zauna a baranda yana tsaki ba. Ya nemi aikin koyar da sana'a a gidan yarin da ke bayan gonakin auduga, aka ba shi. Akwai ɗan ƙaramin gidan rediyo a ciki, wanda muryarsa ba ta wuce shingen waya. Nan yake koya wa fursunoni magana a makirufo, da haɗa labarai, da sarrafa na'ura.

Mutane suka yi ta surutu, wai 'yan fashi za a koya wa magana a rediyo. Masu surutun nan, a cikinsu har da waɗanda ba su koya wa 'ya'yansu ko ɗaure takalmi ba.

A cikin ɗalibansa akwai Lemuel Dorsey. Ba zan wanke shi ba. Yana saurayi ya shiga kanti da bindiga, mai kantin ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Lemuel ya shiga kurkuku da baƙin gashi, yanzu furfura ta ci rabin kansa.

Kwamitin da ke duba sakin fursunoni ya taɓa mayar da shi. Suka ce ya zo da takardar shaidar sana'a da wurin da zai yi aiki, sannan a yi magana. Wani ƙaramin gidan rediyo a garin da ke gaba da namu ya ce in ya samu takardar za su gwada shi. Jarrabawar kuwa sau ɗaya ake yi a shekara, kwamiti kuma na zama jim kaɗan bayanta. In ya faɗi, sai wani zaman, kuma ba wanda ya san yaushe.

Murya dai Allah ya ba shi, mai kauri, mai sanyi. Amma akwai matsala.

Abin saurare da ake rufe kunnuwa da shi, Lemuel kunne ɗaya kawai yake sa wa. Kuma yana cikin karanta labarai sai ya waiga ƙofa. Ya karanta layi, ya waiga. Duk waigen da ya yi bakinsa ya bar makirufo, murya ta ɓace, ta dawo, ta ɓace.

Ran nan Alonzo ya buga tebur.

"Mista Dorsey, budurwa ka ajiye a ƙofar nan? Makirufo na gabanka, kai kana leƙen baya kamar wanda ya saci kaza!"

Wani fursuna mai baki, Booker, ya fashe da dariya.

"Mista Pettway, kai fa baƙo ne. Wa ka taɓa gani a gidan nan ya toshe kunne biyu? Ko mahaukacin da ke sashenmu ba ya yi. Lemuel, nuna wa tsohon nan bayanka."

"Rufe mini baki, Booker."

"Nuna masa mana, ai ba kyau za a duba ba."

Lemuel ya ja wuyan rigarsa ƙasa. Tabo ne dogo daga kafaɗa zuwa ƙashin baya. Shekarun baya yana kwance a gado da ƙaramin rediyo a kunnuwansa, bai ji takun wanda ya zo da cokali mai kaifi ba.

"Tun ranar," in ji shi, "ban ƙara ba ƙofa baya da kunne a rufe ba. Ba taurin kai ba ne, Mista Pettway. Wuyan ne ke juyawa da kansa."

Mai jarrabawa ba za ta yarda da kunne ɗaya ba, balle murya mai zuwa tana tafiya. Washegari Alonzo ya je wurin Kyaftin Rusk, shugaban gandirobobin sashen, ya roƙa a juya teburin ya fuskanci ƙofa.

Kyaftin bai ko ɗago daga kofinsa ba.

"Fursuna bango yake kallo. Haka na tarar, haka zan bari."

"Kyaftin, ƙusa huɗu ce kawai za a kwance."

"Tsoho, ni da za a bi tawa, da an mayar da ɗakin nan ma'ajiyar tsintsiya. A ba su fartanya. Wannan Dorsey ɗin naka na san shi tun kafin ka san hanyar gidan nan. Ko tari ka yi a bayansa sai ya zabura. Shi ne za ka kai rediyo?"

"Shi ne."

Alonzo ya koma aji ya nuna musu fitilar da ke saman ƙofa.

"Kun ga wannan? In ta yi ja, ana kan iska, wato shiri na tafiya kai tsaye. Ba mai shigowa. Ba ni na ƙirƙiro ba, dokar sana'ar ce a ko'ina. Mista Dorsey, sa abin nan kunne biyu. Ni zan tsaya a ƙofa. Duk wanda zai iso bayanka sai ya bi ta kaina."

Booker ya ce, "Kai ɗin? Iska mai ƙarfi ma sai ta kai ka Alabama."

"To, ka zo ka gwada, ɗan banza."

Aka yi dariya, har Lemuel.

Kar ku ɗauka abin ya gyaru a ranar. Tsoron da ya shekara da shekaru a jiki ba ya fita don an yi masa wa'azi. Ranar farko Lemuel bai kai ƙarshen layi ba ya fizge abin daga kunnensa, gumi na tsiyaya. Alonzo ya ce a sake. Aka sake. Watanni suna haka, dattijon nan na jingine da ƙofa da gwiwoyinsa masu ciwo, ba ya zama sai fitila ta mutu. A hankali wuyan ya fara tsayawa.

Ranar jarrabawa ta zo. Wata mata ce daga kwalejin sana'a, Misis Odessa Fairley, da tabarau a kan hanci. Ta ce shirin kai tsaye za a yi, duk gidan yari na ji, kuma malami ba ya zama a ciki.

Idon Lemuel ya tafi kan Alonzo.

"Ƙofa fuska biyu gare ta," in ji Alonzo. "Ina ɗaya gefen. Ba ka gani na, amma ina nan."

Ya fita ya ja ƙofa. Fitila ta yi ja. Daga lasifikar da ke barandar ya ji muryar ta fito daidai, ba rawa: "Barkanku da rana, Lemuel Dorsey ke magana."

Ba a jima ba sai ga ƙarar makullai. Kyaftin Rusk ne da gandirobobi biyu.

"Matsa, tsoho. Bincike za mu yi."

"Fitila ja ce, Kyaftin."

"Ban tambaye ka launinta ba."

"Ɗakin nan jiya aka bincike shi. In ta mutu ka shiga ka kwance har silin. Yanzu dai a'a."

Kyaftin ya matso har numfashinsa na taɓa goshin Alonzo.

"Ka san abin da ake yi wa ma'aikacin da ya tare jami'i a gidan nan?"

"Na sani. Katin shigata na aljihu. In ta mutu zan ba ka da hannuna."

"Saboda ɗan fashi za ka zubar da abincinka?"

"Saboda na ce masa ina nan."

Alonzo ya baje kafaɗunsa a jikin ƙofar. Kyaftin ya dubi na'urar ɗaukar hoto da ke kusurwa, ya dubi matar da ke leƙowa ta ɗan gilashin ƙofa. Bai isa ya fizge dattijo a gabansu ba. Sai ya ɗaga tarin makullansa ya maka wa ƙofar ƙarfen ta saman kafaɗar Alonzo. Ya ƙara. Ya ƙara.

Muryar da ke lasifika ta tsaya.

A rediyo shiru shi ne mutuwa. Alonzo ya rufe ido. Ya san yadda wuyan nan ke son juyawa, ya san hannun na kan hanyar zuwa kunne.

Sai ya ji an ja numfashi.

"Masu saurare, ƙarar da kuke ji baƙi ne a ƙofa. Za su jira mu gama. Yanzu ga yanayin sama."

Murya na nan daram a bakin makirufo, ba ta kauce ko kaɗan ba. Daga can sassan gidan aka ji ihu da bugun gadaje. Ɗaya daga cikin gandirobobin ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Da fitila ta mutu, Alonzo ya matsa gefe, ya ciro katin ya miƙa. Suka shiga suka birkice ɗakin, ba su samu ko allura ba. Aka raka Alonzo har bakin ƙofar waje kamar wanda ya yi sata.

Kar ku jira in ce an mayar da shi aiki. Ba a mayar ba. Matarsa Earline ta yi kwana da kwanaki tana ajiye masa faranti da ƙarfi. Amma Misis Fairley ta sa hannu a takardar Lemuel, kwamiti ya zauna, kafin a tsinke audugar shekarar ya fito. Gidan rediyon garin gaba ya cika alkawari, suka ba shi shirin safe. Duk Lahadi bayan coci yana gidan Alonzo, ya yanke ciyawa, ya gyara abin da ya lalace, ya ci soyayyen tarwaɗa da burodin masara har Earline ta ce zai talauta su.

Shekarar da ta biyo kogi ya cika ya yi ambaliya. Ruwa ya shanye hanyoyi. Duk yankin ba mai faɗin inda za a bi sai wannan ƙaramin gidan rediyo. Lemuel na kan iska tun safe, mutane na bugo waya yana gaya musu gadar da ta nutse da wadda ta rage.

Alonzo na kicin yana karyawa, rediyo a kan firji, sai ya ji wata murya da ya sani ta bugo waya cikin shirin.

"Ina mararrabar tsohon injin auduga. Matata da jikokina na cikin mota. Ruwa na gabana, ruwa na bayana. Ta ina zan fita?"

"Wa ke magana?"

"Rusk."

Earline ta ajiye cokali.

"To, Kyaftin, ka saurare ni da kyau," in ji Lemuel. "Kar ka kuskura ka bi ta gadar hagu, ta tafi. Ka juya dama, ka bi hanyar tsakuwa ta bayan maƙabarta, tudu ne har makarantar sakandare. Akwai mutane can da barguna da kofi. Ka tafi a hankali, kar ka tsaya. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Maimaita mini."

Kyaftin Rusk ya maimaita, kalma bayan kalma, duk yankin na saurare.

"Madalla. Allah ya kai ku lafiya. Wa ke kan layi kuma?"

Earline ta juyo tana kallon mijinta, idonta ya cika. Alonzo ya kurɓi kofinsa ya goge baki.

"Ya yi saurin magana wajen maƙabarta," ya ce. "Ranar Lahadi zan gaya masa. Miƙo min burodin nan."

Darasi: In ka ce wa mutum kana bayansa, ka tsaya har a gama, ko da tsayuwar za ta ci maka abincinka. Wanda ya yi laifi ya biya, ka koya masa sana'a, kar ka tsaya kana buga masa ƙofa don ka ga ya zabura. Kai kuma mai makullai, ka sassauta, ba ka san muryar da za ta fitar da iyalinka daga ruwa ba. Ku tura wa duk mai iko da wani a hannunsa, da duk malamin da ya fara gajiya.