Gizo da Hayaƙin Barkono

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa," in ji Kaka Dudu.

"Ta zo mu ji ta, Kaka," in ji jikokinta.

Wata shekara damina ta yi kyau, Gizo ya yi gonar dawa. Wato dai Ƙoƙi matarsa ce ta yi shuka, ta yi noman fari, ta yi maimai, shi kuwa ya kwanta gindin tsamiya yana tsaron inuwa kada ta gudu. Dawa ta fid da kai, ta fara nuna. Ita ce kuma abincin gidan na shekara guda, don rumbunsu ko tsaba ɗaya babu.

Sai ɓarayi uku suka gano gonar: Biri, da Giwa, da jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu tasowa kamar hadari.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, in dawar nan ta ƙare, bana sai dai mu dafa ƙasa. Tashi ka yi gadi."

Gizo ya ce, "Gadi aikin marasa dabara ne."

Ya wuce gidan Kunkuru, wanda ba a taɓa yi wa ɓarna a gona ba. Ya durƙusa har ƙasa. "Baba Kunkuru, wace laya ka binne a gonarka?"

"Ba laya ba ce, barkono ne. Ka daka cikin tafin hannu ɗaya, ka cuɗa da busasshen kashin shanu, ka kunna a bakin gona. Hayaƙin zai kori mai ɓarna. Amma barkono bai san mai gona ba. Ka ɗaure hanci da ƙyalle, ka ba iska baya, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa fuskarka."

"Ai duk na sani, Baba. Gwada ka na zo yi."

Ran farko da hantsi Gizo ya daka barkono, ya ɗaure hanci, ya kunna. Da ya zo wanke hannu, sai ya tuna hannuwa takwas gare shi. Ya wanke bakwai ya gaji, ya ce na takwas ai bai yi wani aiki ba.

Sai ga Biri ya diro. Gizo ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan gidan kawu. Zangarniyar da ta fi zaƙi tana can kusa da hayaƙin."

Biri ya ruga, ya shaƙa. Atishawa ɗaya, ya wuntsila. Ta biyu, ya yar da dawar. Ta uku, sai wutsiyarsa aka hango cikin daji.

Gizo ya yi ta dariya har hawaye suka zubo, ya kai hannu ya share. Wane hannu kuke tsammani?

"Na takwas," in ji yara.

Shi fa. Gizo ya iso gida yana karo da danga. "Ƙoƙi, idona ya kama da wuta."

"Daina murzawa, ƙara shigar da shi kake yi. Buɗe." Ta yi ta kwarara masa ruwan randa har randar ta ƙare, sannan ya iya ganin hancinsa.

Rana ta biyu Gizo ya ce Giwa babba ce, tafin hannu ɗaya ai raini ne, ya zuba ƙwarya guda. Giwa ta iso tana taku ɗai-ɗai. Gizo ya so ya yi mata gori, amma ƙyalle ya toshe masa murya. Sai ya kwance shi.

"Uwar daji, wannan dogon hancin na ado ne, ko yana jin ƙamshi? Ga sabon turare, ki..."

Bai ƙarasa ba, hayaƙi ya shige masa maƙogwaro. Giwa kuwa ta miƙa hanci ta zuƙa. Ta tsaya cik, kunnuwanta suka miƙe. Atishawar da ta yi ta ɗauki Gizo sama, ta dire shi a tsakiyar kududdufi. Ta juya tana cewa, "Gonar da ke cizon hanci, na bar muku ita har abada."

Gizo ya koma gida jiƙe sharkaf, yana tari kamar ana sara itace. Ƙoƙi ta ba shi nono ya sha, raɗaɗin baki ya lafa. Ta ce, "Biyu sun tafi. Tsuntsaye kuma ka bar ni da su, in ɗaura igiya da gwangwanaye."

"Gwangwanaye? Ni da na kori Giwa?"

Rana ta uku jan-baki suka sauka. Gizo ya kunna hayaƙi, suka koma ɗaya gefen suka ci gaba da ci. Ya bi zangarniya ɗai-ɗai yana barbaɗa mata garin barkono. Shugabarsu ta ɗanɗana, ta kaɗa kai.

"Sannu da ɗawainiya, Gizo. Kai ka sa mana yaji?"

"Bai ƙone ki ba?"

"Mu tsuntsaye ba ma jin zafin barkono. A gonar barkono ma muke karya kumallo. In da saura, ƙara a wancan layin."

Ran Gizo ya ɓaci. Ya ce ƙarya suke yi, daurewa ce kawai. Ya lallaɓa gida, ya sunkuci buhun barkonon miyar Ƙoƙi gaba ɗaya, ya juye a wuta. Bai ɗaure hanci ba, bai kuwa duba iska ba. Iskar nan kuma gari ta nufa.

A ranar ana suna a gidan Zakara. Maroƙi ya buɗe baki zai yi kirari, sai atishawa. Mata suka bar tukwane a murhu, kowa na gudu yana hawaye, ba wanda ya mutu amma gari duk kuka. Tsohuwar Akuya, mai fama da ciwon ƙirji, numfashinta ya sarƙe, sai a kan ƙyaure aka ɗauke ta zuwa hayin rafi, kuma da ƙyar ta dawo daidai.

Gizo kuwa, da yake tsakiyar hayaƙin, idanunsa suka kumbura suka rufe ruf. Kwana uku yana kwance. Maƙwabta suna zuwa, ba dubiya ba, zagi. Yana jin tsuntsaye can a gonarsa suna hira.

Ƙoƙi ta bar shi da kwanon ruwa. Ta zagaye gona da igiya, ta rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ta wuni tana ja tana kora. Da haka ta ceto kashi ɗaya cikin uku.

Da aka girbe, matan gari suka ce ba mai taya Ƙoƙi sussukar dawar da aka yi wa wanka da barkono. Ƙoƙi ta miƙa wa Gizo taɓarya. "Hannu takwas gare ka. Bismilla."

Ya yi sussuka yana atishawa, ya yi shiƙa yana atishawa. Da dare ya yi aka kawo tuwo, ya kai loma ɗaya, gumi ya keto masa.

"Ƙoƙi, tuwon nan yaji, miyar kuma lami."

"Barkonon miya ka ƙone, na tuwo kai ka barbaɗa. Ci a hankali, maigida. Ɗan abin nan ne zai kai mu wata damina."

Haka Gizo ya shekara, ga tuwo kaɗan, ga hawaye a kowace loma.

To, kun ji. Abin da ke da ƙarfin korar Giwa yana da ƙarfin cutar da mai shi. In an ce muku ga gwargwado, ku tsaya a gwargwadon, ku kare idonku da hancinku, ku kuma tuna akwai maƙwabta a inda iska ta nufa.

Ƙungurus kan kusu. Ta ƙare a nan, kowa ya nemi tabarmarsa.